Kada A Sare Itacen, Inuwa Ma Tana Fid Da Furanni

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen tarurruka da tsare-tsaren ekklisiya, mu koma tsakar gida, gindin itacen nan da ake shimfiɗa tabarma in rana ta take.

Abin da ya jawo zancen kuwa kuskure ne da mu kanmu muka yi. Akwai wata babbar darbejiya da muka tarar a gidan da muke zaune. Da sha'awar furanni ta kama mu, sai muka sayo dashen wardi daga Jos muka jera a gindinta. Suka yi ta miƙewa sirara, ba fure ko ɗaya, daga baya suka bushe. Muka ɗora wa itacen laifi, muka kira masu gatari, cikin yini guda suka gama da abin da ya fi shekara 20 yana girma. Bazara na shigowa muka gane kurenmu. Ɗakin kwana ya koma kamar tanda, yara suka rasa wurin wasa, baƙi suka daina daɗewa in sun zo gaisuwa. Sabon wardin da muka dasa a filin kuwa rana ta ƙone shi tun kafin Ista. Muka tashi ba tsuntsu ba tarko. A lokacin ne muka fahimci ɓacin ran annabi Yunusa sa'ad da tsiron da yake yi masa inuwa ya bushe, sai dai nasa a dare ɗaya ya girma, namu kuwa sai 'ya'yanmu sun manyanta kafin a sake samun irinsa.

Muna ganin ana maimaita wannan kuskure a gidaje da yawa, har da harabar majami'u da gidajen fastoci. A sare mangwaro ko darbejiya, a malale wurin da siminti, sa'an nan a sayo furen roba a ɗora a kan bagade, ƙura ta yi ta hawansa shekara da shekaru. Dalilin da akan bayar shi ne wai ba abin da yake tsirowa a inuwa.

Wadda ta warware mana wannan magana wata dattijuwa ce, gwauruwa, daga cikin zumuntar mata. Mun je gaishe ta a watan Agusta, muka tarar da gindin mangwaronta cike da tukwane da fasassun randuna, ganyaye ja da fari da shunayya sun rufe wurin. Muka koma a Disamba, muka ga launin ya sake. A Afrilu ma haka. Ba ta sare ko reshe babba ɗaya ba. Yawancin abin da za mu faɗa a nan daga wurinta muka fara koyonsa, sauran kuma gwaji ne ya koya mana.

Inuwa iri-iri ce

Kafin a sayi dashe ko ɗaya, a ba da yini guda ana duban tsakar gida. A fito da ƙarfe 9 na safe, da 12 na rana, da 3 na yamma, kowane lokaci a zana iyakar inuwa da toka a ƙasa. Za a ga wurin ya kasu uku. Akwai can kusa da gindi inda rana ba ta sauka sam. Akwai inda haske yake ratsowa ta tsakanin ganye kamar zanen damisa. Akwai kuma bakin inuwa, inda hantsi yake dukan wurin awa 3 ko 4 kafin inuwa ta rufe shi. Bakin inuwa na gabas shi ne wuri mafi daraja, domin hantsi yana ciyar da tsiro, ranar la'asar kuwa ƙona shi take yi.

Itatuwa ma ba halinsu ɗaya ba. Mangwaro da tsamiya inuwarsu mai kauri ce duk shekara. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, tana barin haske ya ɗan ratsa, amma saiwoyinta suna yawo kusa da fuskar ƙasa suna shanye ruwa da taki. Itacen turare ya fi ta shan ruwa, da wuya a ci riba a gindinsa. Kuka da malaina suna kakkaɓe ganye da rani, wato wurin da yake da inuwa a Agusta zai zama fili a Fabrairu. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore.

Har ila yau inuwar bango tana tafiya da watanni. A ƙasarmu, daga Satumba zuwa Maris rana takan karkata kudu, sai inuwar tsakar rana ta faɗi arewa da bango, ta fi tsawo a Disamba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa rana takan ɗan koma arewa, inuwar ta gajarce ta juya kudu. Wanda ya dasa tsiro mai son sanyi a jikin bangon arewa a lokacin Kirsimati, ya san cewa a Mayu sai ya sake masa wuri.

In inuwar ta yi duhu ƙwarai, ba sai an kai ga sarewa ba. A rage ƙananan rassan ƙasa da waɗanda suka sarƙe a ciki, haske zai shigo. Mangwaro ana yi masa wannan aski ne bayan an gama cin 'ya'yansa.

Tukunya ta fi kunya

A gindin babban itace, tsiron da aka dasa a ƙasa kokawa yake yi da saiwoyin da suka fi ƙarfinsa. Shi ya sa tukunya ta fi. Ba sai an sayi sabuwa ba: tulun da ya tsage, da randar da bakinta ya karye, da tsohon bokiti, da kwanon wanka da ya huje, duk suna aiki. Abin da ba makawa shi ne a huda gindin, a sa tsingaro ko tsakuwa a kan hujin don ruwa ya riƙa fita. A ɗora kowace tukunya a kan duwatsu uku kamar murhu. Yin haka yana hana saiwar itace shiga ta hujin, yana kuma rage wa gara hanya.

Haɗin ƙasar da ya karɓe mu shi ne kashi biyu baƙar ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi. Takin ya zama wanda ya kwana biyu har ya daina wari da zafi, domin ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. In ƙasar juji za a ɗebo, a tankaɗe ta saboda kwalba da tsohon batir. Ganyen da itacen yake zubarwa kuma a daina ƙona shi. A haƙa rami a bayan gida a riƙa zubawa, ana yayyafa ruwa da ɗan toka, kafin damina ta zagayo ya zama taki mai laushi. Wanda ya fi son dasawa a ƙasa, to ya ja baya daga gindi kamar taku 3, kada ya sare manyan saiwoyi, kada kuma ya tula ƙasa a jikin kututture, don hakan yana ruɓar da ɓawon itace.

Damina

Damina ba ta sauka lokaci ɗaya a ko'ina. A Jos da Kafanchan takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, a Kano da Katsina kuwa sai wajen Yuni take kankama, ta ɗauke a ƙarshen Satumba. Saboda haka kowa ya bi ruwan garinsu.

Furannin farko na damina namu ne na gida, waɗanda muke takawa a hanyar gona ba mu kula ba. Akwai takalmin zomo, mai ganye huɗu kewayayyu da suke kwanciya a ƙasa, fure rawaya ya fito a tsakiyarsu. A daji ma a inuwar itatuwa ake samunsa. Shi ne furen ƙasa na Nijeriya, wanda ake nufi da furannin da aka zana a ƙarƙashin dawakan nan biyu na tambarin ƙasa. Akwai albasar kwaɗi ta bakin fadama, mai manyan furanni farare da jan ratsi a tsakiya, tana son bakin inuwa da ƙasa mai laima. Akwai kuma gatarin kurege, wanda yake hawa da bakin ganyensa, furensa ja da rawaya a lanƙwashe kamar harshen wuta, yana buɗewa in damina ta yi tsaka. A kafa masa kara ko a bar shi ya bi zana. Ba mu ce a shiga daji a yashe su ba. In ana sharar sabuwar gona, a tsince waɗanda garma za ta hallaka a kawo gida, cikin shekara biyu ko uku za su hayayyafa har a ba maƙwabta.

Amma babban launin inuwa da damina a ganye yake. Na farko shi ne kaladiyam, ɗan'uwan gwaza da aka kawo daga Amurka ta Kudu, mai ganye kamar zuciya, da ɗige-ɗigen ja da fari da ruwan hoda. Ana binne 'ya'yansa zurfin yatsa da ruwan fari, cikin 'yan makonni ya buɗe. Na biyu koliyas, mai ganye ja ko shunayya ko rawaya da kewayen kore. Mutanen Filato da kudancin Kaduna za su ga yana kama da wani abu da suka sani, kuma gaskiyarsu, dangin rizga da tumuku ne. Dashensa ba wuya: a yanko reshe tsawon tafin hannu, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kwalbar ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu zai yi saiwa. A riƙa tsinke kansa don ya yi rassa ya cika tukunya. Begoniya da imfashan, wanda asalinsa daga gabashin Afirka ne, suna fure sosai a inuwa mai ratsin haske. Sun fi jin daɗin wuri mai sanyi kamar Jos, wadda take kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. A garuruwa masu zafi a ɗauke su a matsayin baƙin damina kawai.

Wanda yake son lambun ya taimaki tukunyar miya, ya sa citta da gangamau a tsakani. Manoman Kachia da Kwoi sun san citta tana jure inuwa, ganyenta kuma yana da kyan gani. Na'ana'a ma tana yi a bakin inuwa.

Kaka

In ruwa ya fara ɗaukewa, koliyas yana kan ganiyarsa, shi ne zai ƙawata majami'a ranar godiyar kaka tare da dammunan dawa da doya. A wannan lokaci ne kuma mutane da yawa suke yin asara. Ganyen kaladiyam da takalmin zomo da gatarin kurege zai yi rawaya ya kwanta, sai mai gida ya ɗauka ƙishi ne ya yi ta zuba ruwa har 'ya'yan su ruɓe, ko kuwa ya ɗauka sun mutu ya zubar da ƙasar. Barci suke yi. A daina ba su ruwa, a kai tukunyar wuri busasshe mai inuwa, a ɗaura mata ƙyalle don shaida, a bar ta sai ruwan fari. Kafin sanyi ya shigo kuma a yanki sababbin rassan koliyas a ajiye 'yan kaɗan kusa da wurin wanke-wanke, su ne irin baɗi.

Hunturu

Da hunturu iska takan bushe, ƙura ta rufe ganye har ya kasa shan haske. Sau ɗaya a mako a goge manyan ganyaye da jiƙaƙƙen tsumma, a matso da tukwane kusa da juna don su riƙe laima, a kafa zana ta gefen arewa maso gabas inda iskar take fitowa.

Can cikin duhuwar gindi, moda ce sarauniya. Ita ce mai dogon ganye kamar takobi da kakanninmu suke fid da zare daga jikinta su tufka igiya. Tana jure ƙura da ƙishi, ruwa sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta. A bakin inuwa sai a sa kalanko, mai kaurin ganye, wanda yake fid da tarin ƙananan furanni ja ko rawaya ko ruwan goro daga Disamba zuwa Fabrairu.

Jan Kirsimati kuwa na fonsetiya ne, ɗan ƙasar Meziko. Abin da muke gani ja a kansa ganye ne, furen na ainihi shi ne ɗan ƙaramin rawayan da yake tsakiya. Shi ba ɗan inuwa ba ne sosai, a ba shi can gefe inda zai sami rana rabin yini. Yana da sharaɗi biyu. A daina yanke masa kai daga farkon Satumba. Daga Oktoba kuma kada hasken lantarki ya riƙa dukansa da dare, domin tsawon duhun dare ne yake sa shi yin ja. Mun ga wanda aka dasa a ƙarƙashin fitilar ƙofar gida, ya yi girma har ya wuce katanga, bai taɓa yin ja ba.

Bazara

Wannan ne lokacin gwaji, ga zafi ga rijiyoyi sun ja baya. Ba daidai ba ne a ɗora wa mata da yara ƙarin jigilar ruwa saboda furanni. A rage yawan tukwane zuwa abin da ruwan gida zai iya riƙewa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye da ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka duk suna da amfani, amma ban da ruwan omo da na bilic da mai gishiri. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan faɗuwar rana, a rufe fuskar ƙasa da busasshen ganye. Akwai kuma tsohuwar dabara: a binne ƙaramin tulu na ƙasa har wuya a tsakiyar shuke-shuke, a cika shi a rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali kwana da kwanaki.

A wasu ekklisiyoyi, kamar Katolika da Angilikan, akan janye furanni daga bagade a kwanaki 40 na azumi. Lambu ma a lokacin yake hutawa. Amma a cikin tsananin nan ne amarilis take fitowa, wadda a Afirka ta Yamma ake yi wa laƙabi da furen hunturu. Albasa ce babba. Sai a ga kara ya ɓullo daga busasshiyar ƙasa, wani lokaci ba ganye ko ɗaya, ya buɗe furanni kamar kakaki, ja ko ruwan goro ko fari. Ana dasa ta a bakin inuwa, wuyan albasar a waje. In ana so ta dace da Ista, wadda take faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a hana ta ruwa kamar wata biyu, sa'an nan a fara ba ta mako 6 zuwa 8 kafin ranar. Bayan fure kada a yanke ganyen, shi ne yake tara wa albasar ƙarfin baɗi. Wanda ya ga wannan kara ya fasa ƙasar da kowa ya ɗauka ba rai a cikinta, ba sai an yi masa dogon wa'azi a safiyar tashin Ubangiji ba.

A yi hattara

Da yawa daga cikin waɗannan tsire-tsire dafi gare su. Gatarin kurege yana kisa, saiwarsa kuma tana kama da ƙaramar doya. Kaladiyam yana kama da gwaza, yana ƙona baki ya kumbura maƙogwaro. Albasar kwaɗi da amarilis ba na miya ba ne. Farin ruwan fonsetiya yana cutar ido. Kada a ajiye 'ya'yansu a madafa ko rumbu, a kuma koya wa yara cewa abin lambun furanni ba ya shiga baki. Gidan da yake da masu rarrafe ya haƙura da gatarin kurege tukuna. In yaro ya ci, a garzaya da shi asibiti tare da guntun abin da ya ci.

Sai sauro. Cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙwansa yake zama sauro mai tashi, wanda yake yaɗa cutar shawara kuwa ruwan gwangwani da kasko ya fi so. Kada a bar ruwa ya kwana a ƙarƙashin tukunya, a riƙa sake ruwan kwalbar dashe bayan kwana 2 ko 3. Saboda maciji da kunama, a bar hanya sharariya tsakanin tukwane, kada a tara duwatsu ko itace a wurin. Dodon koɗi ba ya son ratsa busasshiyar toka. Ƙananan ƙwari kuwa darbejiyar da kanta tana maganinsu: a daka ƙwayar 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Awaki da kaji sai shinge.

Mun san kuma akwai 'yan'uwa da suke ƙyamar duk wani tsiro mai albasa a tsakar gida, domin yana tuna musu da gadali da ake shukawa saboda asiri. Tsiro dai halittar Allah ne, abin da mutum ya ɗora zuciyarsa a kai shi ne abin tambaya. Duk da haka kada mu zama sanadin tuntuɓe. In maƙwabci ya yi tambaya, a gaya masa sunan furen da dalilin shuka shi, a ba shi ɗaya ya kai gida.

Abin da muke roƙo

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aikin farko da aka ba mutum, wato noman gona da kiyaye ta. Kiyayewar ce muke yawan mantawa. Muna roƙon dattawan ekklisiya, kafin a sa hannu a kan kuɗin sare itace da na siminti, a ba zumuntar mata da matasa damina ɗaya su gwada gindin itacen. A raba watannin shekara ga iyalai, kowane gida ya ɗauki nauyin kawo tukunya mai rai gaban bagade a watansa, bayan sujada a kai ta ɗakin marar lafiya ko tsohon da ya kasa fitowa. 'Yan makarantar Lahadi kuma kowa a ba shi reshen koliyas ɗaya a gwangwanin madara, a ga wanda zai dawo da shi da rai ranar godiyar kaka.

Mu dai mun dasa wata darbejiyar kusa da kututturen ta dā. Yanzu ta kai tsayin rufin ɗaki, inuwarta ba ta wuce ta tabarma ɗaya ba, amma tukwane shida suna gindinta, dukansu daga hannun dattijuwar nan suka fito. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana, ya kai mu damina lafiya. Amin.